Darasi na 6: Abincin ɗan tunkiya tun yana ciki

A nan Daura kowa ya iya kiwon ragon sallah, a ba shi dusa a ba shi harawa har wanka ake mai, amma tunkiya mai ciki sai a sake ta tana yawo bakin kasuwa tana cin leda da kara. Wallahi abin nan yana damuna, shi ya sa muka ware mai darasi guda.

Cikin tunkiya wata 5 ne, wajen kwana 150. Duk tsawon lokacin nan ɗan ba ya cin komai da baki, abin da jinin uwa ya kawo shi ke bi ta mabiyiya ya shiga cibiya. In ta ci harawa ko ƙuli-ƙuli ko 'ya'yan gawo, cikinta yana narka furotin ɗin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin abincin, ya koma ƙananan sinadarai da likitocin dabbobi ke kira amino asid, kala 20 ne, ku ɗauke su kamar tubalin da ake gina nama da jini da gashi.

To mabiyiya fa ba rariya ba ce da abu ke zuba kawai, aiki take yi, ita ke jawo amino asid ɗin daga jinin uwa ta tura ma ɗan da ƙarfi, har aka auna aka ga yawancinsu sun fi yawa a jinin ɗan kan na uwar. Kuma ita kanta mabiyiyar a watanni 3 na farko take girmanta, in yunwa ko tsananin zafi irin na bazara ya kama tunkiya a lokacin sai mabiyiyar ta tsumbure, ko an gyara abinci daga baya ƙofar ta riga ta ƙanƙance. Dan Allah iyaye mata masu kiwo a tsakar gida, a yi masu rumfa, kar ruwan sha ya yanke.

Sati 6 na ƙarshe nan ne ɗan ke yin mafi yawan girmansa. In uwa ba ta ƙoshi ba, sai ya riƙa ƙona tubalin nan don samun ƙarfi maimakon ya gina jiki da su, a haife shi ƙarami ya kasa ko tashi ya sha dakashi, balle in tagwaye ne. A lokacin a ƙara mata harawa da ɗan ƙuli ko gurya cikin dusa, kaɗan kaɗan, kar a tula mata rana ɗaya cikinta ya ɓaci.

Aikin gida: kowa ya rubuta ranar da rago ya hau tunkiyarsa, ya ƙirga wata 5 gaba, ya zo mana da shi ranar Asabar.