Kurakuran da muke yi wajen gane burbushin halittu a jikin mabul

Na daɗe ina shimfiɗa tayil da mabul tsakanin unguwannin Nima da Mamobi a Accra, kuma ba abin da ke ci mini rai kamar in ga an ture falle gefe wai yana da tabo, alhali halittar teku ce da ta zama dutse.

Babban kuskurenmu shi ne neman dabbar da cikakkiyar surarta. Injin yanka ta inda ya samu yake bi. Dubi albasa: ka yanka ta a kwance, zobba za ka gani, a tsaye kuwa, siffa daban. Haka amonayit, mai kama da dodon koɗi, da ke cikin dutsen Jura na Jamus mai shekaru kimanin miliyan 150. In yankan ya bi tsakiyarsa, za ka ga naɗi da ɗakuna a jere. In ya zo a karkace, sai ka ga siffar ƙwai da 'yan layuka kawai. Gyaran mai sauƙi ne: jiƙa wurin da ruwa, ka duba gefen fallen da bayansa, ka ga yadda siffar ta ci gaba.

Kwanan baya yarona ya kira ni da murna: "Maigida, zo ka ga ganye a dutse!" Baƙin zane ne mai rassa sirara, gwanin kyau. Na ce masa ba ganye ba ne, ma'adinin manganis ne da ruwa ya shigar cikin tsaga. Ka lura, kan tsagar yake kwanciya, ba kauri, ba jijiya. Shi ma layin da kan fito a dutse mai kama da haƙoran zarto ba halitta ba ce, matsi ne ya haifar da shi.

Kada ka wahalar da kanka a giranit. Narkakken dutse ne da ya huce, babu halittar da za ta saura a ciki. Mabul na ainihi ma zafi ya shafe burbushin da ke cikinsa. Sai dai da yawa cikin abin da 'yan kasuwa ke kira mabul dutsen farar ƙasa ne da aka goge, kuma nan ake dacewa. Kankaro ɗan gari daga bayan fallen, ka ɗiga lemun tsami. Mai farar ƙasa zai yi ɗan kumfa, mabul na ainihi ma haka, giranit ne ba zai yi ba. Kul ka ɗiga a fuskar, ƙyallin zai mutu.

Sai tayil ɗin masana'anta. In ka ga katantanwa iri ɗaya sak a falle uku cikin kwali guda, bugawa aka yi. Juya bayan, yumɓu za ka tarar.