Kurakuran da masu ɗaukar hoton halittu suka fi yi a lokacin hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe Damagaram, kuma a daidai wannan lokaci ne matasan majami'unmu suka fi fita da wayar salula ko ƙaramar kamara domin ɗaukar hoton tsuntsaye da itatuwa. Ina murna da wannan sha'awa, domin Ubangiji Yesu da kansa ya ce mu dubi tsuntsayen sama (Matiyu 6:26), amma hotunan da ake nuna mini suna ɗauke da kurakurai kusan iri ɗaya, wasu na hannu, wasu kuwa na zuciya.

Da yawa sukan fita ba tare da sanin abin da lokacin ya tanada ba. Na sha jin mai ƙorafin cewa ya yini bai ga shamuwa ba, alhali kowane manomi ya san shamuwa baƙuwar damina ce, tana zuwa gab da ruwan farko, ta koma kudu idan ya ɗauke. Annabi Irmiya (8:7) ya ce tsuntsaye sun san lokutansu, don haka wajibi ne mai bin su ya koyi waɗannan lokuta. Rabon hunturu daban ne: gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, yanzu ne yake kore shar a gonakin Matamaye da Magarya, kukokin Mirya kuma sun tsaya tsirara. A bakin tafkuna irin na Gidimuni da Lasuri akan tarar da zalɓe da balbela da kirinjijiya, tare da agwagin ruwa da suka ƙetaro Sahara daga Turai domin gudun sanyin can.

Kuskuren da ya fi ɓata hotuna shi ne rashin fahimtar hazo. Ƙurar da ke rataye a iska kamar labule take tsakanin mai hoto da abin da yake ɗauka, kuma gwargwadon nisa gwargwadon kaurin labulen, shi ya sa dutsen da ke nesa yake fitowa fari fat, ba shi da gefe balle launi. Mutane sukan yi ƙoƙarin magance wannan ta hanyar jawo hoton da yatsu biyu a fuskar waya, wanda a yawancin wayoyi ba ya ƙara komai sai yanka hoton da buɗa shi har ya dagule. Gyaran shi ne a zaɓi abin da ke kusa, kamar ƙadangare a kan duwatsun unguwar Birni ta Damagaram ko hasbiya a bakin rijiya, a bar na nesa ya zama inuwa a bayansa. Akwai kuma ruɗin da farin sama ke yi wa kamara: idan shirwa ta gifta aka ɗaga na'ura, ma'aunin haske yakan ɗauka cewa haske ya yi yawa, sai ya rage, tsuntsuwar ta fito baƙa ƙirin. A nemi alamar +/- ta daidaita hasken hoto a kamara, a ƙara haske da mataki 1, wani lokaci har 2, kuma ga mai kamarar da ake iya saitawa, kada lokacin da kamara ke buɗewa ta ɗauki hoto ya wuce 1/1000 na daƙiƙa idan tsuntsu yana tashi. Mafi kyawun haske yana zuwa ne daga fitowar rana, wajen ƙarfe 7 saura, zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, a tsaya rana tana bayan mutum.

Game da na'urar kanta, kada a goge gilashin kamara da gefen riga, domin ƙurar hunturu tana da ƙananan tsakuwa masu karce shi. A fara hure ta da ƴar robar hura iska, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi, kuma kada a sauya gilashi a fili lokacin da iska ke kaɗawa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na Kirista shi ne yadda muke takura wa halittun saboda son hoto. Ni ma na taɓa jefa dutse cikin ruwa domin garken agwagi su tashi in same su a sama, kuma har yau ina nadama, domin tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita yana buƙatar hutu da kiwo kafin komawarsa, duk firgitar da aka yi masa kuwa ƙarfinsa take ci. Mafi muni shi ne sayen tsuntsu a hannun yara masu tarko a ɗora shi a reshe a ɗauka, domin kuɗin da aka bayar yau shi zai sa a kafa tarko goma gobe. Littafin Farawa (2:15) ya ce an sa mutum a gonar ne domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta, Yesu kuma ya ce ko ɗan tsuntsu guda ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba (Matiyu 10:29). Dabarar da ta dace ita ce a sa tufafi masu launin ƙasa, a isa wurin da sassafe, a zauna jikin itace a yi shiru. Idan tsuntsu ya daina kiwo ya miƙe wuya, an matso da yawa, sai a ja baya. Haka nan lambunan da ke bakin ruwa suna da masu su, waɗanda maƙwabtanmu ne, don haka a yi sallama a nemi izini kafin shiga, kada a tattake shukar rani, kada kuma a juya kamara wajen mata masu ɗiban ruwa.

Sai kuma abin da ake yi bayan an dawo gida. Manhajojin waya sun sauƙaƙa cire farin sama a maye shi da shuɗi, a ƙara launi har balbela ta koma kamar zane, sannan a ɗora a Facebook da ayar Zabura a ƙarƙashi. A ganina wannan shaidar zur ce a kan aikin Allah, domin wanda ya yi koren damina shi ne ya yi hazon Janairu, kuma ba ya buƙatar mu gyara masa abin da ya halitta kafin a yabe shi. Ba laifi a yanke gefen hoto, a ɗan ƙara bambanci tsakanin haske da duhu domin a dawo da abin da ido ya gani, amma a tsaya nan. A ajiye hoton asali, a rubuta wuri da ranar da aka ɗauke shi, idan kuma ba a tabbatar da sunan tsuntsun ba, a nuna wa wani dattijo manomi ko masunci a bakin tafkin kafin a rubuta.