Darasi na Tara: Lambu a Buhu da Tukunya Kafin Zafin Bazara

Daga tsakiyar watan Fabrairu zuwa farkon Maris, hazo yakan fara janyewa a ƙasar Daura. Sanyin asuba yana raguwa, rana kuma ba ta kai ga tsananta ba tukuna. Wannan ɗan tsakanin shi ne lokacin fara lambun cikin gida. A yanzu kayan miya na da sauƙi, domin masu noman rani na madatsun ruwan Sabke da Daberam suna kawowa kasuwa. Amma da zarar zafi ya kankama, lambunan sun tashi, tumatir da ganye za su yi wuya har sai damina ta zauna. Wanda ya shuka a wannan watan, a daidai lokacin tsadar nan zai fara tsinka a tsakar gidansa.

Ba a buƙatar gona. Ana buƙatar mazubi, da ƙasa mai kyau, da iri, da mutum ɗaya a gidan wanda ba zai manta da ban ruwa ba. Shukar tukunya kamar tunkiya ce a turke: abin da aka kawo mata shi kaɗai za ta ci. Saiwarta ba ta da inda za ta je neman laima. Duk abin da za mu koya a yau daga nan ya taso.

Abin da ya kamata a shuka yanzu

Wasunku sun ga hotuna a waya, inda mutanen Turai da Amurka ke jera tukwanen latas da kabeji a watan Maris da Afrilu. Su a can sanyi ne ke ƙarewa, ƙanƙara ta narke, yanayi mai daɗi yana gabansu. Mu abin da ke gabanmu zafin Afrilu ne, wanda yakan haura digiri 40. Latas da kabeji da karas na hunturu ne, lokacinsu a nan Nuwamba da Disamba. Idan aka shuka latas yanzu, zai yi ɗaci, ya miƙe ya fitar da fure tun bai yi ganyen kirki ba.

Ku nemi masu jure rana. Na farkonsu alayyahu. Yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar, a fara yanka bayan mako uku ko huɗu. Ga wanda bai taɓa lambu ba, ina ba da shawarar ya fara da shi, domin ganin amfani da wuri yana ƙara wa mutum ƙarfin gwiwa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a cuɗa shi da yashi kafin a yafa, a rufe da ƙasa 'yar kaɗan. Idan aka binne shi da zurfi, ba zai fito ba.

Sai lalo. Irin lalo na da taurin ɓawo, shi ya sa wasu ke shuka shi su yi ta jira shiru. A ƙulle irin a tsumma, a tsoma a tafasasshen ruwa, a ƙirga daga ɗaya zuwa goma, a tsame, a baza a inuwa ya sha iska, a shuka a ranar. Rama da yakuwa ma suna yi. Kuɓewa tana son zafi sosai. A jiƙa irinta ya kwana, a sa ƙwaya uku a rami, idan sun fito a bar guda ɗaya mafi ƙarfi. Cikin wata biyu za ta fara 'ya'ya. Zogale yana zama a babban buhu, muddin ana katse masa kai idan ya kai tsayin gwiwa, don ya yi rassa maimakon ya tafi sama. Na'ana'a ba ta buƙatar iri, reshe ake dasawa, amma a ba ta mazubinta ita kaɗai a wuri mai inuwa, domin takan mamaye maƙwabta. Gindin albasar da aka yanke za a zubar, idan aka kafa shi a ƙasa, zai ba da lawashi.

Kowa tumatir yake tambaya. Gaskiyar magana, yanzu ba lokacinsa ba ne. Zai tsiro, ya yi ganye, har ya yi fure, amma idan rana ta yi zafi dare ma bai yi sanyi ba, furen yakan kakkaɓe bai ƙulla ɗa ba. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Katsina da Kano da Kaduna da Jigawa a 2016, ita ma da zafi take yaɗuwa. Wanda yake da dashen da ya riga ya girma tun Janairu, ya lallaɓa shi a inuwa. Wanda ba shi da shi, ya haƙura sai Oktoba. Yalo da barkono sun fi shi juriya.

Mazubi

Ku duba abin da ke gida tukuna: buhun shinkafa, tsohon bokitin fenti, jarkar da ta fashe, daron da ya huje, randar da ta tsage. Alayyahu da lalo da lawashi, zurfin taƙi ɗaya ya ishe su. Kuɓewa da yalo da zogale suna son kusan kamu guda, kuma kowace shuka da buhunta. Buhun siminti sai an wanke shi tas. Duk abin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko fetur, ko baƙin mai, kada a shuka abin ci a ciki ko da an wanke.

Dole ruwa ya sami mafita, in ba haka ba saiwa ta ruɓe. A ɗora ƙusa a wuta, a huda roba wuri biyar ko shida. A ƙasarmu mai fari ya fi kyau a yi hudar a gefe, yatsa biyu sama da gindi, don ɗan ruwa ya riƙa kwantawa a ƙasan. Buhu yana tsatsar da ruwa da kansa, sai dai a naɗe bakinsa ya tsaya da kyau. Baƙar roba da gwangwani suna ɗaukar zafi har su dafa saiwa, saboda haka a naɗe su da tsohon buhu ko guntun tabarma. Tukunyar ƙasa ta fi kowane mazubi sanyaya saiwa, sai dai tana shan ruwa da yawa.

Ƙasa

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Ƙasar Daura jigawa ce, ruwa na wuce ta da sauri. Lakar fadama kuma idan ta bushe a tukunya takan daskare ta tsattsage. Haɗawa ake yi. A auna da kwano ɗaya: kwano biyu na ƙasar saman gona, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya na ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa da ya daɗe a jibge. Idan an sami ƙasar gindin gawo, ita ce kan gaba, saboda ganyen da yake zubarwa da kashin dabbobin da ke hutawa a wurin.

Takin ya zama wanda ya ruɓe da gaske. Ana gane shi da cewa ya yi baƙi, ba ya wari, yana marmashewa a hannu, kuma idan aka cusa hannu a tarin ba a jin ɗumi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka cikin kwana biyu. Bayan an cika mazubin, a bar yatsa uku a baki, a jiƙa sosai, a bar shi mako guda. Ciyawar da ke cikin takin za ta tsiro, a cire ta, sannan a shuka.

Wurin ajiyewa

Ranar safe ita ce abokiyar shuka a bazara, ta bayan azahar ita ke ƙonawa. A jera buhunan a gindin katangar da ke yammacin tsakar gida. Nan za su sha rana daga safe zuwa azahar, sannan katanga ta yi musu inuwa. A ɗora su kan bulo ko dutse saboda gara. A kewaye da zana ko ƙaya, domin kaza ɗaya tana iya tone aikin mako uku kafin a gama tuƙa tuwo, akuya kuwa ba a magana.

Karatun aji

Ku karanta wannan hira mutum biyu-biyu, sannan ku yi musaya.

Inna: Malama, ni fa ruwan nan da kuɗi nake saye a wurin ɗan garuwa. Ina ni ina ba ganye ruwa?

Malama: Inna, sau nawa ake alwala a gidanku a rana?

Inna: Sau biyar mana, kuma mu bakwai ne.

Malama: Ina ruwan yake tafiya?

Inna: Sai rariya.

Malama: To, a ajiye baho a wurin alwalar. A haɗa da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Wannan kaɗai zai riƙe miki buhu biyar ko shida.

Inna: Har da ruwan wanki?

Malama: A'a, Inna, banda shi. Ruwan omo da ruwan da ke da gishiri ko mai suna kashe ƙasa.

Inna: To, Allah ya yi albarka. Yau zan sa jikata ta ajiye bahon.

Ban ruwa

Da sassafe ake ba da ruwa, a gindin shuka, a hankali, har a ga ya fara ɗiga ta hudar. Yayyafi a sama-sama yana sa saiwa ta tsaya a saman ƙasa inda zafi ya fi yawa. Idan Afrilu ya shigo, za a ƙara na yamma bayan la'asar. Kafin a zuba, a cusa yatsa a ƙasar: in da laima a bari, in ta bushe a ba ta. Wani lokaci ganye yakan yi laushi da tsakar rana ko da ƙasa na da ruwa, ya farfaɗo da yamma. Wannan ba ƙishi ba ne, kada a ƙara.

A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Wannan ɗan aikin yana rage ƙafewar ruwa sosai, kuma ni a ganina shi ya fi komai muhimmanci a watan zafi. Ga mai tafiya unguwa ta kwana ɗaya ko biyu, a huda robar ruwa da allura a gindi, a cika ta, a binne rabinta kusa da shukar. Idan aka ga farin abu yana taruwa a saman ƙasa, gishirin ruwan rijiya ne. A kankare shi, a zuba ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke ƙasar ya fita.

Abincin da ke cikin buhu yana ƙarewa bayan kamar wata guda, sai ganye ya fara ɗorawa-ɗorawa. A ƙulle taki a tsumma, a jiƙa a bokiti na mako guda, a sirka ruwan har ya yi haske, a zuba a gindi duk bayan mako biyu. Kada ya taɓa ganyen da za a ci. Mai takin zamani ya sa cikin murfin kwalba ɗaya a gefen buhu, nesa da kara, ya bi da ruwa.

Ƙwari

A riƙa juya ganye ana duba bayansa, nan darɓa da farin ƙuda ke ɓuya. A daka 'ya'yan darbejiya busassu, kimanin giram 50, wato cikin tafin hannu mai kyau, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma. Tsutsa kuwa a tsince ta da hannu a ba kaji. Maganin feshi na kanti bai dace da ganyen da ake yanka kowane mako a tsakar gidan da yara ke wasa ba. Idan abu ya gagara, a ɗebi ganyen a nuna wa malamin gona.

Fulawa

Kada a ce fulawa ta masu kuɗi ce. Gidan da aka share aka jera tukwane masu fure, ko baƙo ya shigo yakan ji sanyi a ransa, furanni kuma suna jawo ƙudan zuma da ke taimaka wa shuka ta ƙulla 'ya'ya. Lalle yana kamawa daga reshe a babbar tukunya, ga ƙamshin furensa, ga ganyen ƙunshi. Ɗoɗɗoya tana ba da ƙamshi, tana kuma shiga miya. Akwai wata 'yar gajeriyar fulawa mai ganye sirara masu ruwa-ruwa, wadda ke buɗewa da hantsi ta rufe da yamma. Ba ta tsoron rana, kuma ɗan reshen da maƙwabciya ta karyo miki ya isa ya cika daro. Ita kanta kuɓewa furenta abin kallo ne. Sai dai a kula: duk fulawar da aka karya ta fitar da farin ruwa mai danƙo, a nisanta ta da yara da dabbobi, domin da yawansu guba ne.

Tsinka

Kada a tuge alayyahu. A yanka shi a bar yatsa huɗu, zai sake tohowa har sau uku ko fiye. Kuɓewa a riƙa cire ta duk bayan kwana biyu, in ta tsufa a jiki uwar takan rage haihuwa. Kada a shuka duka buhuna rana ɗaya: a shuka biyu yau, biyu bayan mako biyu, don kada ganye ya zo gaba ɗaya ya ƙare gaba ɗaya. A bar shuka ɗaya mafi kyau ta yi iri, a shanya shi, a adana a kwalba da ɗan toka.

Aiki

Rubutu: ku rubuta sunayen shuke-shuke huɗu da ke jure zafin bazara, da biyu da ya kamata a jira hunturu.

Lissafi: jarka ɗaya tana cin lita 25. Idan kowane buhu yana shan lita 2 a rana, kuma kuna da buhu 6, lita nawa kuke buƙata a rana? Jarka ɗaya za ta kai kwana nawa? Ku tambayi kuɗin jarka a unguwarku, ku lissafa na mako guda.

A gida: kowa ya haɗa ƙasar mazubi ɗaya yau, ya jiƙa ta. Ranar da kuka shuka, ku rubuta kwanan wata da sunan irin a jikin mazubin da gawayi ko alli. A zama na gaba ku zo da ɗan takin da kuka yi amfani da shi a leda, mu duba tare ko ya ruɓe.