Yadda Ake Kai Yara Shan Iska Tafkin Gidimuni

'Yan'uwa kun yi ta tambayata, to ga yadda muke yi:

1. Ku cika jarka da ruwan sha tun daga gida.
2. Ku ɗauki tabarma, buta, gawayi da kayan shayi.
3. Ku bar Damagaram bayan sallar asuba ta hanyar Mirya.
4. Da isarku, ku nemi izinin masu lambu kafin ku zauna a inuwarsu.
5. Ku shimfiɗa tabarma nesa da gaɓa. Hattara! Kada yaro ya tsoma ko ƙafa. Ruwan kwance na kawo tsargiya, ɗan yayata ya sha wahalarta har da fitsarin jini.
6. Ku sayi rake wurin mai gona, ya fi zaƙi.
7. Ku binne garwashi da ƙasa.
8. Ku tsince ledoji, awaki na haɗiye su.
9. Ku kamo hanya da la'asar.