Yadda na sa sabuwar firinta ta yi aiki da Windows 7

Kwamfutar da nake buga wa ɗalibai takardu a shagona da ke Titin Emir Yahaya a Sakkwato har yanzu Windows 7 ke kanta, kuma lafiyarta lau. Da na sayo sabuwar firinta sai direbanta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, ya ƙi zama. Na duba Device Manager, inda Windows ke nuna na'urorin da ke haɗe da kwamfuta, na tarar da alamar rawaya da Code 52, wato kwamfutar ta kasa tantance sa hannun direban.

Wani maƙwabci ya ce in sauya kwamfuta kawai. Ban ga dalili ba, kuɗi ba a ƙasa ake tsintarsu ba.

Ashe sababbin direbobi da sabon tsarin tantancewa mai suna SHA-2 ake sa musu hannu, ita kuwa Windows 7 da ba a sabunta ba tsohon tsarin SHA-1 ta sani. Na tabbatar akwai Service Pack 1, wato babban kunshin gyaran Windows 7, na sauko da gyare-gyare biyu da za su sa ta gane SHA-2, KB4490628 da KB4474419, daga shafin Microsoft Update Catalog, na 64-bit daidai da tawa. Na sa su, na kashe na kunna, na cire direban na sake sa shi. Nan take firintar ta buga takardar gwaji.

Intanet kam na cire wa kwamfutar, domin tun Janairun 2020 Microsoft ta daina aiko mata da gyaran tsaro. Da filashi nake kawo mata aiki.