Yadda nake gyara tsohon bidiyo ya fito tas a babban allo

Faifan VCD, irin wanda aka yi ta zuba bikin aure da saukar karatu a kansa a nan Katsina, hotonsa ɗigo 352 ne a faɗi, 288 a tsaye. Talabijin ɗin bango kuwa da yawansu 1920 ne da 1080, wato sun ninka faifan kusan sau 20. Shi ya sa bidiyon da a da ake kallo lafiya lau, yanzu in an sa shi fuskar amarya sai ta dagargaje. Miƙe hoton kawai ba ya maganin wannan, ƙara wa kunu ruwa ne: ya cika kwano amma ya tsinke. Manhajojin AI su kuma cike gurbin suke yi da hasashe, suna zana abin da suke zaton yana wurin. Duk dabarar aikin ita ce ka rage musu yawan abin da za su ƙirƙiro.

Don haka kafin ka buɗe kowace manhaja, nemi asali. Yawancin masu shigowa shagona da waya suke zuwa, su ce "Malam, ga shi nan Yaya ya turo daga Kaduna." Wanda ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, in kuma ya zaga wayoyi da yawa, to saura ƙashi. Sai in ce, "Hajiya, faifan fa? Mai kyamarar yana raye?" Masu ɗaukar biki na wancan lokacin kan kaset suke ɗauka, VHS ko ƙaramin MiniDV, daga baya su juye a faifai. In Allah ya sa kaset ɗin na nan, MiniDV zai ba ka 720 da 576, ninki 4 na abin da ke kan VCD. Babu manhajar da za ta ba ka wannan ribar. In faifan kaɗai ya rage, kada ka kunna shi a talabijin ka ɗauki hoton da waya. Sa shi a kwamfuta ka kwafo fayil ɗin kai tsaye: na VCD yana cikin jakar MPEGAV, sunansa ya ƙare da DAT, na DVD kuma yana VIDEO_TS, ya ƙare da VOB. Ajiye kwafi ɗaya gefe, kada ka taɓa shi.

Sai wanki. Ni manhajar HandBrake nake amfani da ita, kyauta ce. Tsayar da bidiyon a inda ake motsi da sauri, misali mahayi ya sako doki a Ƙofar Soro. In ka ga gefen dokin ya yi tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji, hoton irin na tsohon tsarin talabijin ne, mai layuka a sarƙe. Shiga Filters, ka kunna Deinterlace, ka zaɓi Bwdif ko Yadif. Kaset da DVD ne suka fi wannan ciwo, VCD galibi ba ruwansa. In ka tsallake wannan mataki, AI za ta ɗauki tsagar nan a matsayin ado ta ƙara fito da ita. Yashin da ke yawo a hoto, musamman a ɗaukar dare ta wurin kamu ko zaman ajo, ka rage shi da NLMeans, amma a kan Light. Ka wuce nan, aikin wuyan babbar riga ya tafi tare da yashin. Fitar da bidiyon da RF (ma'aunin ingancin hoto a HandBrake) 16 ko 18, fayil ɗin zai yi nauyi, ba komai.

Yanzu ɗagawa, wato ƙara wa hoton yawan ɗigo da manhajar AI. Topaz ita ce na fi yarda da ita a kan fuskar mutane, sai dai da dala ake biya. A cikin zaɓuɓɓukan gyaran da ke cikinta, Proteus ya fi dacewa da yawancin aiki, Iris kuma an yi shi ne musamman don fuskoki. Video2X kyauta ce, amma yawancin abin da ke cikinta don zanen katun aka horar, shi ya sa takan mayar da fatar mutum sumul kamar ta 'yar tsana. Ko wacce ka ɗauka, kada kwaɗayin 4K, wato hoton da ya fi 1920 da 1080 girma, ya ja ka. VCD ka tsaya a 960 da 720, kaset da DVD a 1440 da 1080. Waɗannan lambobi suna riƙe da siffar 4:3 ta asali. Baƙin da zai saura a gefe biyu na allo ka ƙyale shi, in ka ja hoton ya cika allo kowa zai koma gajere mai faɗi.

A nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina. Yanko daƙiƙa 20 daga wurin da fuska ta fito kusa, ka gwada, ka ajiye tsohon da sabon gefe da gefe. Duba tsagar fuska ta dattawa, domin manhaja takan ɗauke ta a matsayin datti ta share. Duba wushirya, duba ƙwayar ido, duba rubutun allo da lambar mota, don takan mayar da su wasu haruffa da ba na kowane harshe ba. Akwai kaset ɗin hawan Sallah na zamanin marigayi Sarki Muhammadu Kabir Usman, wanda ya rasu a 2008, da aka kawo mini. Dawaki da lifidi da laima sun fito gwanin sha'awa, amma 'yan kallon da ke can nesa manhajar ta ƙera musu fuskoki masu ban tsoro, sai da na sassauta ƙarfinta suka koma dishi-dishi yadda suke. A wurina hakan ya fi. In da hali, kira wanda ya san mutumin ya duba. 'Ya ta ce "wannan ba Baba ba ne," to aikin bai yi ba, komai kyansa.

Aikin yana cin lokaci. Kwamfutar da ba ta da katin hoto (ɓangaren da ke sarrafa hoto a kwamfuta) mai ƙarfi, irin na Nvidia, tana iya kwana ta wuni a kan bidiyon awa ɗaya, ga halin wutarmu. Ka yanka shi gunduwa-gunduwa na minti 10 da LosslessCut, wadda ba ta rage inganci, in an ɗauke wuta gunduwa ɗaya ka rasa. Lokacin bazara ka ɗaga laftof daga kan katifa, ka sa mata fanka. Sauti kuma ba ya gyaruwa ta wannan hanya, aikinsa daban ne.

In ka gama, fitar da bidiyon a matsayin fayil ɗin MP4 da tsarin matsewa na H.264, kusan kowace waya da talabijin na karanta shi. Ba mai shi a filashi ko ta Xender. In dole sai ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, yana ɗaukar har 2GB ba tare da ya matse ba, kuma ka ja kunnen wanda ka tura wa shi ma ya yi haka in zai aika wa dangi.