Yadda muke sa ido a kan zuciyar Baba tun da ya fara allurar garkuwar jiki

Gidanmu a kan dutse yake a bayan Shari'a Mansur a Makka, kuma daga inda mota take tsayawa zuwa ƙofa sai an hau matakala talatin da biyu. Ban taɓa ƙirga su ba sai da aka ɗora Baba a kan maganin pembrolizumab saboda kansar huhu (ciwon daji), ƙarin ruwa ɗaya duk sati uku. Yanzu matakalar nan ce ma'aunina na farko.

Wannan magani ba kemo ba ne, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji kai tsaye, kuma ina roƙonku ku daina kiransa haka. Aikinsa cire wa garkuwar jiki takunkumi don ta far wa ciwon dajin. Matsalar ita ce garkuwar da aka kwance wani lokaci takan kai wa naman zuciya duka, ya kumbura. Abin ba ya yawa, kusan mutum 1 ne cikin 100, amma idan ya zo ba ya zuwa da wasa. Yawanci cikin wata uku na farko yake bayyana, sau da yawa bayan allura ta ɗaya ko ta biyu, kuma haɗarin ya fi ga wanda aka haɗa masa irin maganin nan guda biyu, kamar nivolumab da ipilimumab.

Kafin a sa ruwan farko, ku tabbata an yi awon bugun zuciya na ECG, wanda a asibitocin nan ake ce wa takhɗiɗ, da gwajin jini na troponin. Troponin sinadari ne da ke zuba cikin jini idan naman zuciya ya ji rauni. Amfanin awon farko shi ne a samu abin kwatantawa daga baya, don haka ku ɗauki hoton takardar a waya. Ƙa'idar da likitocin zuciya na Turai suka fitar a 2022 ta ba da shawarar a maimaita kafin allura ta 2, ta 3 da ta 4, in komai lafiya sai a koma duk bayan allura uku. Idan an manta, ku tuna wa likita cikin ladabi. Ni na taɓa yi, bai ji haushi ba.

Sauran aikin a gida yake. Kowace safiya bayan Asuba ina auna bugun Baba da hawan jininsa, in rubuta a littafi, in danna ƙafarsa da yatsa in ga ko ta lotsa. Dattijonmu ba mai faɗin ciwo ba ne. Ka ce "Baba, ya jiki?" ya ce "Alhamdulillahi", ko da numfashi na gagararsa. Shi ya sa na daina tambaya, na koma kallo: a matakala ta nawa ya tsaya ya huta, filo nawa ya jera kafin ya yi barci. A Makka kowace kasala zafi ake ɗora wa, ko a ce gajiyar ɗawafi ce. A watannin nan kada ku yarda da wannan uzurin.

Abin da ya kama mu ba ta ƙirji ya zo ba. Kwana kaɗan bayan allura ta biyu, muna shan shayi da la'asar, na ga Baba yana ɗaga haɓa sama kafin ya kalle ni, fatar idonsa ta hagu ta sauko rabi. Inna ta ce barci ne. Da ya zo tashi daga tabarma sai da ya dafa bango, ya ce cinyoyinsa sun yi nauyi. Kumburin zuciyar nan yakan zo tare da kumburin tsoka da raunin da ke sauke fatar ido, ya sa mutum ganin abu biyu-biyu ko shaƙewa wajen haɗiya. Duk wanda ya ga haka, ko ciwon ƙirji, faɗuwar gaba, jiri ko suma, kada ya jira ranar mau'idi, wato ranar da aka ba shi ta ganin likita. A tafi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, a ranar, in ya yi tsanani a kira motar asibiti ta 997.

A ɗawari ku faɗi sunan maganin da ranar allurar ƙarshe tun a bakin ƙofa, ko da an yi watanni da dainawa. Na rubuta namu da Larabci da Turanci a kati, yana aljihun jallabiyar Baba. Ku nemi ECG, troponin da gwajin tsoka na CK. Hoton zuciya na eko yana iya fitowa lafiya ƙalau alhali kumburin na nan, haka na Baba ya fito, troponin ne ya tona asiri. Aka dakatar da allurar, aka kwantar da shi da na'ura a ƙirji saboda bugun kan iya rikicewa farat ɗaya, aka sa masa kotizon, maganin rage kumburi, mai ƙarfi ta jijiya a daren. Fara shi cikin awa 24 na farko ya fi ba da sa'a.

Bayan sallama an yi makonni ana rage ƙwayoyin kotizon a hankali, ba a yanke su lokaci ɗaya, kuma sukan tayar da suga, sai na ƙara layi ɗaya a littafin. Maganar komawa kan allurar tana hannun likitan ciwon daji da na zuciya. Jiya a matakala ta ashirin Baba ya tsaya, sau ɗaya kawai, na rubuta.